Wankan Minista

Litinin, 4 ga wata, ƙarfe 3:40 na yamma

Ƙwayoyin sun taɓa tawada.

Na duba sau uku, na goge tabarau, na sake dubawa. Suna nan a gefen hagu, cunkus, launin shunayya, sun jingina da baƙin layin kamar masu jiran mota.

Bari in rubuta komai tiryan-tiryan, don na san nan da mako guda za a samu masu tuna mini yadda abin ya faru. Asibitin dabbobin nan na Baba ne. Da ya rasu, Yaya ya gaji ɗakin tiyata da kujera mai juyawa, ni na gaji ɗakin gwaji na baya, wanda tagarsa ke kallon tankin ruwa. Shi yana yanka, ni ina duba abin da ya yanko. Duk tsokar da ta zo hannuna nakan shafa wa gefunanta baƙar tawada, kafin a yayyanka ta siriri a ɗora kan gilashi. In na leƙa madubin ƙara girma na ga tazara tsakanin cutar da tawadar, an cire duka. In cutar ta kai ga tawadar, wuƙa ta ratsa ta cikinta ke nan, sauran yana jikin dabbar.

Wannan tsokar daga cinyar Minista ta fito, karen Inna mai lambun furanni. Ta raɗa masa sunan ne don ci da barci ya iya, sai an yi baƙi yake tashi ya nuna yana aiki. Kwanakin baya ta kawo shi da ƙullutu kamar ƙwan zabo. Na soka allura na zuƙo, na gane shi nan take: ƙarin ƙwayoyin mast, ƙwayoyin nan da ke sa fata ƙaiƙayi da kumburi in sauro ya ciji mutum. Ƙari ne mai halin munafuki. Yau ya kumbura, gobe ya sace, mai kare ya ce ya warke. Na aske wurin, na zana da'ira da alƙalamin maka daidai girmansa na ranar, na auna, na ɗauki hoto na sa a fayil. Muka ba da maganin kwana goma da zai sa ya ja baya, don a samu fatar rufe wurin. Na ce wa Inna kada ruwa ya taɓa zanen. Na ce wa Yaya daga da'irar zai auna santimita biyu, ba daga abin da ya tarar ba, don ƙarin yana janye kai ne kawai, ƙafafunsa suna inda suke.

Ranar tiyatar ina wajen taro a jami'a. Yau ga ribar taron a gabana.

Talata, 5 ga wata, ƙarfe 11:20 na safe

Sista, mai taimaka wa Yaya a ɗakin tiyata, ta warware mini zaren.

"Wanka Inna ta yi masa, Likita. Da sabulu mai ƙamshi. Ta ce ba za ta kawo shi gaban manya da zane a cinya kamar allon makaranta ba."

"Ƙullutun fa?"

"Ya koma kamar gyaɗa. Babban Likita ya ga gyaɗa, ya auna daga gyaɗa."

"Fayil yana ina?"

"Yana kan tebur, yana hutawa."

Na sami Yaya a ofis na ce masa na Minista ya fito. Bai ɗago ba ya ce, "Mai sauƙi ne ko mai zafi?"

"Mai sauƙi. Ƙwayoyi biyu kacal na ga suna rabuwa."

"Alhamdulillahi. To me ya sa fuskarki kamar an aiko ki ta'aziyya?"

"Gefen hagu bai fita ba."

Kujerar ta yi juyi ɗaya ta tsaya. "Na riga na gaya wa matar an cire duka."

"Ka gaya mata kafin ka tambaye ni."

"Auta, ke kanki kin san mai sauƙi, ko an bar ɗan saura, cikin goma wajen bakwai ba ya dawowa."

"Na sani. Ni na ba ka takardar da ka karanta hakan."

"To rubuta mai sauƙi, ki tsaya nan. Ban ce ki yi ƙarya ba. Layi ɗaya za ki bari a cikinki."

"Ukun fa?"

"Wane uku?"

"Karnuka ukun da yake dawo musu."

Ya ce tsohuwa ce, ita kaɗai a lambu, karen nan ne abokin hirarta, mene ne amfanin hana ta barci a kan abin da mai yiwuwa ba zai faru ba. Kuma har zuciyarsa ya faɗa. Yaya ba mugu ba ne, shi ya sa faɗa da shi ke da gajiya. Yana cikin mutanen da in gini zai faɗo maka, sai su fara gyara maka hula.

Laraba, 6 ga wata, ƙarfe 9:00 na safe

Na buga rahoton. Layin yana ciki.

Alhamis, 7 ga wata, ƙarfe 5:10 na yamma

Abin da Yaya ya faɗa mini yau a gaban Sista, ba zan rubuta ba.

Na wanke gilasai arba'in da biyu waɗanda dama wankakku ne.

Juma'a, 8 ga wata, ƙarfe 8:30 na safe

Hatimin asibiti ba ya cikin durowata. Dokar Baba ce, takarda ba ta fita daga gidan nan sai da shi. Sista ta ce Babban Likita zai riƙa ajiye shi a wajensa, don tsaro. Ta faɗa tana kallon tankin ruwa.

Shekara goma sha ɗaya hatimin nan yana kwana kusa da kofin shayina, ɓarawo bai taɓa sha'awarsa ba.

Asabar, 9 ga wata, ƙarfe 4:00 na yamma

Mama ta kira ni gida. Ta rage sautin talabijin amma ba ta kashe ba, alamar shari'ar ba za ta yi tsawo ba.

"A kan kare za ku raba gidan ubanku?"

"Ba a kan kare ba ne, Mama. A kan layi ɗaya ne."

"Ji mini boko. Bai kyauta ba da ya faɗi abin da ya faɗa, na gaya masa. Amma ke ma, Auta, bakinki ba shi da murfi. Ni na san ba ke kika ɗora wa mahaifinku ciwo ba. Sai dai da kin bar shi da gyambon cikin da muka ce masa, da wataƙila…"

Ba ta ƙarasa ba. Ta tambaye ni ko na ci abinci.

Lahadi, 10 ga wata, ƙarfe 7:15 na safe

Baba ne ya tambaye ni gaskiyar ciwonsa. Ban je na same shi da takarda a hannu ba. Shi ya tambaya.

Litinin, 11 ga wata, ƙarfe 1:05 na rana

Inna ta kawo Minista a cire zare. Ta zo wa Yaya da ɗan itacen lemo a tukunya, ta goge ganyensa ɗaya bayan ɗaya. Muka yi kiciɓis a baranda.

"Likita ƙarama! Kin ga ɗinkin yayanki? Tela ma sai haka. Takardar ta fito?"

Yaya ya amsa daga bayana. "Tana hanya, Inna. Ba wata damuwa."

Na yi shiru. A rubuta wannan ma, tunda ni ce mai son a rubuta komai: na yi shiru, har na yi murmushi.

Laraba, 13 ga wata, ƙarfe 6:00 na yamma

Na je lambun da rahoton a jaka, ba hatimi, sai sa hannuna.

Yana bayan tashar mota, rumfar raga ce da tukwanen shuka layi-layi. Minista yana kwance ƙarƙashin benci. Ya buɗe ido ɗaya, ya ga ban kai baƙuwar da za a tashi domin ta ba, ya mayar.

Na ce wa Inna labari biyu na kawo. Na farko, ƙarin irin mai sauƙi ne, ba ya gaggawar yaɗuwa, kuma kaluluwar da ke kusa da shi da na soka ban ga komai ba. Na biyu, wuƙa ta ratsa gefensa, akwai yiwuwar an bar saura.

Ta ajiye butar ban ruwa. "Kamar ciyawar ƙiri-ƙiri ke nan. Ka tuge ganye, saiwa tana ƙasa tana maka dariya."

Shekara shida na yi a jami'a kafin in iya faɗin wannan, kuma ban taɓa faɗinsa da kyau haka ba.

"Zai dawo?"

"Cikin goma irinsa, wajen uku yake dawo musu. Ko Minista yana cikin bakwai ko yana cikin ukun, ban sani ba. Duk wanda ya ce miki ya sani, daɗin baki ne." Na ce hanya biyu ce: a sake yankawa yanzu a faɗaɗa, ko a zuba ido tana lalube wurin kowane mako, in ya dawo a lokacin aikin ya fi wuya.

Ta daɗe tana sosa masa kunne. Sannan ta ce, "'Yata, zanen nan da kika ce kada ruwa ya taɓa. Wankan da na yi masa ne?"

Nan ne Yaya zai ce haba Inna, ko kaɗan. Na ji kalmomin har kan harshena, suna da laushi kuwa.

Na ce, "Wankan ya goge zanen. Amma awon yana cikin fayil har da hoto, mai wuƙa ne ya kamata ya buɗe. Ni kuma na ba ki umarni kamar soja, ban gaya miki amfanin zanen ba."

"Da kin ce mini awo ne! Ni da nake auna tazarar shuka da igiya? Na ɗauka ƙazantar likitoci ce." Ta girgiza kai. "Mu uku ke nan muka taru a kan bawan Allah. In naki ne, ya za ki yi?"

"Da na sake yankawa."

"To a sake. Kuma yayanki ne zai yi."

Na ce akwai wasu likitocin. Ta ce wanda ya dasa a karkace shi ke tugewa ya sake dasawa. "Hannunsa yana da kyau, kunnensa ne ke da toshiya."

Alhamis, 14 ga wata, ƙarfe 12:30 na rana

Inna ta zo da sassafe, ta tare Yaya a ɗakin jira, gaban wani mai kyanwa a kwando.

"Likita, ɗan lemon nan ka riƙe, ban fasa ba. Amma aikinka da saura."

Bayan ta tafi ya shigo ɗakina. Rabonsa da shigowa tun Baba yana da rai. Bai zauna ba.

"Takarda ba hatimi kika kai mata."

"Da sunana a kai."

"Zan yi aikin. Amma in tsokar ta fito ba komai a ciki, kin sa an yanka dabba a banza don ki nuna kin fi ni. Ranar sai ki nemi wani wurin da za ki riƙa lissafa wa mutane kwanakinsu."

"Wa zai duba tsokar?"

"Ke mana. Akwai wata?"

Babu. Ni ce mai ƙara, ni ce wadda ake ƙara, ni ce alƙali. Kuma na san abin da shi ma ya sani: sau da yawa in an sake yankowa ba a samun komai. Ko jiki ya share ragowar, ko sun yi kaɗan har yankan gilashi ya tsallake su. Wannan ba ya nuna aikin banza aka yi. Amma je ka bayyana wa Mama haka.

Juma'a, 15 ga wata, ƙarfe 2:00 na rana

Na nemo kwali a wajen mai shago. Ba don komai ba, kwali yana da amfani a gida.

Litinin, 18 ga wata, ƙarfe 3:30 na yamma

An yi.

Sista ta yi masa allurar hana kumburi tun kafin a taɓa wurin, don irin wannan ƙarin in an dame shi yana zubar da gubarsa cikin jini. Ni na zana layin da kaina a kan tebur, santimita biyu kewaye da tabon, da ma'auni a hannu, Yaya yana tsaye ya harɗe hannuwa. Sista ta ce: "Yau dai ba wanda ya yi wanka, har ni."

Ba wanda ya yi dariya. Ta yi abarta ita kaɗai.

Na manta yadda hannunsa yake. Ya bi layina bai kauce ko da faɗin gashi ba, ya ɗago fatar da shimfiɗar da ke ƙarƙashinta gaba ɗaya, ya ɗaura zare a gefen hagu don in gane inda zan fi zuba ido. Ban ce masa ya yi ba. Haka Baba yake yi. Ya miƙo mini kwanon bai dube ni ba.

Laraba, 20 ga wata, ƙarfe 10:00 na safe

Tsokar tana cikin magani, sai ta yi tauri. Ba a yi wa wannan aikin gaggawa. Ba wanda ya shayar da lemon da ke ofishinsa, na zuba masa ruwa da ya fita. Itacen ba ya cikin faɗan.

Asabar, 23 ga wata, ƙarfe 5:45 na yamma

Mama ta aiko a tambaye ni ko ina nan da taurin kaina. Na ce a gaya mata yana gaishe ta.

Sau uku Baba ya tambaye ni a ranar. Na farko na ce ya bari likitansa ya zo. Na biyu na tashi na gyara labule. Na uku na gaya masa.

Litinin, 25 ga wata, ƙarfe 4:50 na yamma

Gilashi goma sha huɗu.

Na fara da gefen zare. Tabo, jijiyoyin jini sababbi, guntun zaren ɗinkin farko. Na biyu haka, na biyar haka. Wajen na bakwai na kama kaina ina neman cutar kamar mai neman ɗan kunnen da ya faɗi. Kare yana kwance a lambu da ɗinki ashirin, ni kuma ina nan ina fatan a ce yana da saura. Na tashi na wanke fuska.

A na tara na gan su. Guda uku, shunayya, warwatse, kowace tana harkar gabanta. Na san su. Ƙwayoyin mast ne na lafiya, irin waɗanda ke zuwa duk inda rauni ke warkewa. Na ƙari a cunkushe suke zama, kamar na ranar Litinin ɗin can. Amma in na rubuta "ana zargin saura", ba likitan da zai kama ni a duniya. Kalma uku. Ɗakina ya zauna a hannuna, Yaya ya sunkuyar da kai, Inna kuma ta kwana da fargaba har ƙarshen ran karenta.

Na fi awa guda ina kallon tankin ruwa.

Na rubuta: ba a ga ƙari ba, gefuna duka sun fita. Na ƙara da cewa an ga ƙwayoyi uku na lafiya a gilashi na tara.

Kwalin ya ɗauki kayana duka, har da sauran wuri.

Talata, 26 ga wata, ƙarfe 11:00 na safe

Na ajiye masa takardar a tebur. Ya karanta sau biyu.

"Kin san abin da wannan ke nufi?"

"Yana nufin in Allah ya yarda, tsufa da ƙiba ne za su kashe Minista."

"Ke nake nufi."

"Kwalina a ɗaure yake. Madubin na Baba ne, na bar maka. Kofin shayin nawa ne."

Ya ɗora yatsa a kan layin ƙarshe. "Kin ga uku. Da kin so…"

"Da na so."

"Na farkon fa, za ki janye shi?"

"A'a. Ranar sun taɓa tawada, yau ba su nan. Duka biyun da idona na gani."

Kujerar ba ta juya ba. Ya daɗe yana kallon lemon, ina jin yana mamakin yadda bai bushe ba. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Da kika gaya wa Baba, me ya ce?"

Shekara biyu ba wanda ya yi mini wannan tambayar a gidanmu. Kowa ya san abin da na ce, wata huɗu zuwa shida suka rage masa. Ba wanda ya nemi jin amsar.

"Ya ce in miƙo masa biro, yana da abubuwan da zai rubuta."

"Shi ke nan?"

"Ya ce kada in bari ka san ya sani. Ya ce, bar yayanki ya ci gaba da ce mini gyambo ne, maganin da yake da shi ke nan, kuma ina jin daɗinsa."

Yaya ya cire tabarau ya riƙe. Wata biyar yana zuwa kowace safiya yana ce wa Baba, tsohon likita, ya kusa warkewa, tsohon yana cewa in sha Allahu. Ban kalle shi ba, na san ba zai so ba.

Ya jawo durowa ya fito da hatimin. Ya buga a kan na biyu. Ya miƙo hannu, ban gane ba, sai da ya ce, "Ɗayan."

Na ciro na farkon daga jaka, duk ya yamutse, da ɗigon laka na lambu a gefe. Ya shimfiɗa shi da tafin hannu, ya buga a ƙarƙashin layin. Sannan ya turo hatimin gabana.

Bai ba ni haƙuri kan ranar Alhamis ba. Ban ce na yafe ba.

Asabar, 30 ga wata, ƙarfe 1:20 na rana

Mama ta ce ashe an yanka bawan Allah a banza. Na ce eh, Mama, haka za a riƙa faɗa.

Inna ta karɓi takardun biyu, ta sa na karanta mata su a jere, ta ce in nuna mata yadda za ta riƙa lalube cinyar duk da haka. Na nuna mata, wannan karon har da dalili.

Sista ta manna takarda a ƙofar ɗakin tiyata: IN AN ZANA, BA WANKA. A ƙasa an ƙara da biro, da rubutun Yaya da na sani tun ina aji ɗaya: A BUƊE FAYIL.

Na kwance kwalin, amma ban jefar da shi ba.